Yadda Na Ƙaryata Kawu Ilu a Rediyo

Ku duka kun tashi kun tarar ana kiran yayan Innarku, Kawu Ilu, da Mai Takalmi, alhali babu wanda ya taɓa ganin ya sayar da takalmi ko ya ɗinka shi. Da kuka tambaye ni kuna ƙanana, na ce muku sunan wasa ne irin na majalisa. Ba haka ba ne. Ni na jawo masa shi, da bakina, a gidan rediyo, kuma ba sunan kaɗai na jawo masa ba.

A lokacin ina aiki a Katsina, ina gabatar da shirin amsa tambayoyin masu sauraro duk ranar Laraba bayan La'asar. Ku kuna Daura tare da Innarku, ina zuwa ranar Juma'a in koma ranar Lahadi. Shekarun farko ne na Shari'a a jiharmu, kuma a shekarun ne wayar salula ta fara shiga aljihun talaka. Wadda ta fi yawa ita ce ƙaramar nan mai tocila a ka, wadda ko ta faɗo daga kan babur sai dai a tsince ta a mayar da murfi a ci gaba da magana. Ba sai na rubuta sunan kamfanin ba, kun san shi. Abin da ba ku sani ba shi ne matsayin rediyo a wancan zamani. Idan gardama ta ƙi ƙarewa a majalisa, in dai ba ta addini ba ce, sai a ce a rubuta wa rediyo. A samu mai rubutun boko ya rubuta, a ba direban mota ya kawo, kowa ya haƙura sai Laraba. Abin da na faɗa shi ne ƙarshen magana, daga Daura har tsallaken iyaka. Na san haka, kuma ina jin daɗinsa fiye da yadda ya dace.

Kawu Ilu yana ƙauyensu Innarku, tsakanin Mai'adua da Kongolam. Da damina noma, da rani ya tsallaka Damagaram ya saro gwanjo ya kawo kasuwa. Ba mai yawan magana ba ne, kuma abin da aka san shi da shi ke nan: in ya faɗa, to haka ne. Idan za a raba iyakar gona ko a yi cinikin sa, shi ake kira ya tsaya. Tsakanina da shi akwai girmamawa ta surukuta, amma akwai wani ɗan abu da na riƙe. Wata rana a wajen sunan ɗayanku, ana hirar iyaka, ya ce a gaban mutane mu 'yan rediyo muna ba da labarin Kongolam ba mu taɓa taka ta ba. Aka yi dariya. Gaskiya ya faɗa, ban taɓa zuwa ba. Na yi dariyar tare da su, amma ban manta ba.

Ga yadda gardamar ta tashi, kamar yadda na ji daga baya. Wani a majalisarsu ya sayo irin wayar nan, ana ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Da ta zo wajen Kawu Ilu, sai ya tsaya yana kallon rubutun da ke samanta. Ya yi yaƙi da jahilci, yana haɗa baƙi. Ya ce ya san wannan suna. Shekaru da yawa da suka wuce ya taɓa samun takalmin roba dogo, mai kaiwa gwiwa, a cikin dilar gwanjo, ya riƙe wa kansa yana shiga fadama da shi, kuma wannan rubutu ne a jikinsa. Ya ce har wani Bature mai aikin haƙa rijiyoyi a wajen Damagaram ya taɓa ganin takalmin a ƙafarsa ya yi murna, ya ce na ƙasarsu ne, kamfanin tsoho ne ƙwarai, da takarda ma ya fara. Aka ce ya kawo takalmin a gani. Ya ce ya tsufa tuntuni, an yanka shi an yi wa guga maho. Majalisa ta ce a rubuta wa rediyo.

Malamin firamaren garin ne ya rubuta takardar, kuma ya sa sunan Kawu Ilu a ciki, da sana'arsa, da garinsu. Ƙa'idar aikinmu biyu ce, ni kaina na koyar da ita ga sababbin ma'aikata. Ba a amsa tambaya sai an bincika. Ba a kama sunan mutum a gardama sai da yardarsa. Na karanta takardar a ofis na yi dariya ni kaɗai. A tunanina abin bai kai a bincika ba. Ina haɗin waya da takalmin roba? Ranar Laraba na ajiye ta a tsakiyar shiri, wurin da na san kowa ya natsu, na karanta ta duka, har sunan. Ina tuna amsar da na bayar kalma bayan kalma, don na tsara ta sosai.

"To, Malam Ilu, sai haƙuri. Kamfanin da ke ƙera abin da ke kai magana daga Kongolam zuwa Makka bai taɓa zama ya yi takalmin shiga taɓo ba. Wataƙila Baturen naka zolayarka ya yi, ko kuwa rana ce ta yi zafi a hanyar Damagaram. Jama'a, a riƙa tantance magana kafin a faɗe ta, musamman a wannan lokaci da muke ƙoƙarin gyara halayenmu."

Mai kula da na'ura ya yi dariya a bayan gilashi, na ji daɗi. Ranar Juma'a da na iso gida, Innarku ta kawo mini abinci, ta zuba ruwa, ta zauna nesa kaɗan kamar yadda ta saba. Sai da na kusa gamawa ta yi magana.

"Malam, ka duba kafin ka faɗa?"

Na ce mata wannan ba abin dubawa ba ne, ko yaro ya san amsarsa.

"Ni dai na san takalmin," ta ce. "Baƙi ne. Na sha wanke shi a bakin rijiya. Rubutun ne ban iya karantawa ba a lokacin."

Na ce takalmi daban, kamfani daban, kuma yayanta mutumin kirki ne amma ba komai ya sani ba. Ta kwashe kwanuka. Kafin mako biyu sunan Mai Takalmi ya bi kasuwar Mai'adua. Masu gwanjo suna tambayarsa ko ya zo da sabuwar waya mai lamba arba'in da biyu, irin lambar takalmi. In wani ya yi ƙarin gishiri a labari, sai a ce masa ya shiga takalmin Ilu. Shi bai tanka wa kowa ba, kuma bai aiko mini da ko kalma ɗaya ba.

Bayan kamar wata guda, Hajiya Ladi, editar sashen labarai, wadda ta girme ni a aiki, ta shigo ofishina ta ajiye mini takardu uku da ta fitar daga intanet. Ta ce tun ranar da ta ji shirin abin yake damunta.

"Malam Lawal, mutumin nan naka na Mai'adua ya fi mu karatu. Ka karanta."

Na karanta. Kamfanin ya fara ne da injin niƙa itace don yin takarda, a bakin wani kogi, a wata ƙasa mai sanyi can arewacin Turai. Sunan da muke gani a kan wayar ma na wani ƙaramin gari ne a can. Daga baya ya haɗe da wani kamfanin roba mai yin takalma da tayoyi, da wani mai yin wayar lantarki, suka zama abu ɗaya. Sun yi talabijin, sun yi har takardar bayan gida. Sai can daga baya suka rabu da waɗannan sana'o'i suka riƙe waya. A shafi na uku akwai hoton takalmin roba, dogo, baƙi, da sunan a jikinsa. Duk abin da Kawu Ilu ya faɗa yana nan, har maganar takarda. Na yi wa Hajiya Ladi godiya, na ce zan gyara. Na ninke takardun na sa a aljihun tebur. Larabar farko na ce tambayoyi sun yi yawa. Ta biyu na ce maganar ta riga ta kwanta, tayar da ita zai ƙara masa kunya ne kawai. Wannan dalili na biyu ya yi mini daɗi, don yana kama da tausayi.

Da abin ya tsaya nan, da zolaya ce kawai. Amma akwai maƙwabcin Kawu Ilu, Malam Bawa, wanda Allah bai ba haihuwa ba. Ya riƙe wani maraya mai suna Haruna tun yana ƙarami, ya yi masa aure, kuma da yake ya san ɗan riƙo ba ya gado, kafin ya rasu ya ba shi gona ɗaya kyauta a gaban shaidu biyu. Haruna ya noma ta shekaru, da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa. A shekarun nan kowa ya tuna da haƙƙinsa, abin da a da ake kashewa a zauren mai gari sai aka riƙa kai shi kotu. 'Ya'yan ƙanin Malam Bawa suka kai ƙara, suka ce gonar tana cikin gado. Ɗaya daga cikin shaidun ya rasu. Kawu Ilu ne kaɗai ya rage. Alƙali ya ce shaida ɗaya adali, haɗe da rantsuwar Haruna, ya isa a tabbatar da kyautar. Kawu Ilu ya tsaya ya faɗi ranar, da wurin, da abin da marigayin ya ce. Daga nan alƙali ya tambayi masu ƙara ko suna da suka a kan shaidar, kamar yadda ake yi. Suka ce suna da ita. Suka ce mutumin nan an san shi da ƙirƙirar labari, duk ƙasar nan ta ji rediyo ta ƙaryata shi, kuma surukinsa ne ma ya ƙaryata shi. Suka kawo mutum biyu suka tabbatar sun ji da kunnensu. Alƙali ya ɗaga zama mako biyu, ya ce ɓangaren Haruna su zo da abin da zai wanke shaidarsu.

Innarku ce ta gaya mini duk wannan ranar Juma'a. Wannan karon ba ta jira na gama cin abinci ba.

"Yanzu ka duba?"

Na ce na duba.

"Me ka gani?"

Na kawar da fuska. Ta dube ni, abin da ba ta cika yi kai tsaye ba, ta gane.

"To ranar Laraba ka faɗa. Ka kama sunansa kamar yadda ka kama a farko. Ba don Yaya ba ma, don 'ya'yan Haruna."

Na ce mata zan yi.

Ina so ku fahimci abin da na yi bayan nan, don shi ne ainihin laifin. Na farko jahilci ne da girman kai. Wannan kuwa da sani na yi shi, kuma da gwaninta. Ranar Talata na zauna na rubuta gyaran. Rubutun farko cikakke ne: sunansa, kuskurena, tarihin kamfanin, da neman gafara. Da na karanta shi a fili sai na ji yadda zai fita. Shekara goma sha ɗaya ina wannan shiri ban taɓa janye magana ba. Zan bayyana wa duniya cewa na amsa tambaya ban bincika ba, kuma na tozarta surukina, shugabannina suna ji. Akwai wanda yake jiran shirin ya fita hannuna, na san shi. Sai na cire neman gafarar, na ce ai aikin jarida gyara ne ba roƙo ba. A rubutu na uku na cire sunansa, na ce ai ƙa'ida ta hana kama suna. Ƙa'idar da na take a farko, ita na ɗauko na rufe kaina da ita. Abin da ya rage jimla ɗaya ce, kuma na san inda zan ajiye ta. Duk mai aikin rediyo ya san da zarar taken rufe shiri ya fara tashi, majalisa ta watse. Wani ya miƙe neman buta, wani ya fara magana, mai rediyo ya kai hannu zai kashe don batir. Ni na koya wa ma'aikata kada su taɓa sa muhimmiyar magana a wannan wuri. Ranar Laraba na gama tambaya ta ƙarshe, na yi wa mai na'ura alama ya sako take, na jira kiɗan ya hau, sannan na ce:

"Kafin mu tafi, an samu bayanin da ke nuna cewa wasu kamfanonin waya sun taɓa yin harkar roba a can baya. Sai Laraba mai zuwa."

Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Na fito daga situdiyo ina gaya wa kaina na cika alkawari. Hajiya Ladi ta wuce ni a baranda, kuma daga ranar ba ta ƙara shigowa ofishina ba sai da aiki. Da na zo gida na ce wa Innarku na gyara. Ta ce rediyon yana kan cinyarta tun daga farko har ƙarshe.

"Ban ji sunan Yaya ba," ta ce.

Akwai sauran hanya ɗaya. Takardun nan uku suna aljihun teburina. Daga Daura zuwa kotun bai kai tafiyar sa'a ɗaya ba. Da na je na tsaya na ce ni ne na yi kuskure, ga hoton, da maganar ta ƙare a wurin. Na ce akwai aiki a Katsina. Akwai aikin kuwa, irin wanda kowa zai iya yi a madadina. An ce dattawa biyu sun je sun ce shekara arba'in suka san Ilu ba su taɓa kama shi da ƙarya ba. Da aka tambaye su batun takalmin, suka ce wannan Allah ne masani. Alƙalin bai kira shi maƙaryaci ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce shakka ta shiga shaidar, kuma ba zai fitar da gona daga gado da shaida ɗaya mai shakka ba. Aka bar Haruna ya girbe abin da ya shuka. Bayan kaka ya kwashe iyalinsa ya tsallaka iyaka.

Kawu Ilu bai ƙara tsayawa shaida ba. In an kira shi rabon iyaka sai ya ce a nemi wani. Ko a ɗaurin aure, idan liman ya ce jama'a ku shaida, kowa ya amsa, shi bakinsa ba ya motsi. Na lura da haka a auren 'yar'uwarku Binta, ina zaune kusa da shi. Amma bai daina zuwa gidanmu ba. Kun san yadda yake zuwa muku da gyaɗa da dabino, ya zauna a zaure mu gaisa, ya tambaye ni aiki, ya yi mini addu'a. Da ya zage ni ko sau ɗaya da na samu sauƙi. Innarku kuwa ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai ta daina kunna rediyo ranar Laraba. Kuna tambayarta, tana cewa kanta ke ciwo. Shekaru suka wuce, wayar nan ta zama tsohon yayi, aka kai lokacin da duk mai waya a hannu zai iya gano gaskiyar maganar kafin ya shanye shayinsa. Babu wanda ya duba, don an manta asalin sunan, sunan kawai ya rage.

Sai bayan na yi ritaya, damina biyu da suka wuce, na hau mota na je ƙauyen ni kaɗai. Na same shi da hantsi a ƙofar gida yana ɓare gyaɗa, idonsa ya yi rauni. Bayan mun gaisa na ce, Yaya, na zo ne a kan maganar takalmi.

"Ka daɗe a hanya, Malam Lawal," ya ce.

Na gaya masa komai, takardun uku, da rubutu uku, da aikin da na laɓe a bayansa ranar zaman kotu. Yana ji, hannunsa bai tsaya ba. Da na zo kan jimlar nan ta ƙarshen shiri, na fara bayanin cewa na san babu wanda ya ji ta, sai ya katse ni.

"Ni na ji. Rediyon yana manne da kunnena. Na ce wa mutanen wurin, ku saurara, ga shi nan ya gyara. Suka ce, Ilu, mu kiɗa muka ji, ka fara kuma?"

Wannan ban taɓa sani ba. Na ce masa har yanzu ina da mutane a gidan rediyon, zan roƙi a ba ni minti biyar in faɗa da sunansa. Ya ce waɗanda suka yi dariyar rabinsu suna ƙasa, sauran kuma kunnensu ya mutu, ba ya so a sake jin sunansa a rediyo ko da alheri ne. Ya ce in ina son yin wani abu, in rubuta wa 'ya'yan ƙanwarsa Hajara, wato ku, don su kaɗai ne yake jin nauyin su ɗauka kawunsu mai shirya labari ne. Shi ya sa kuke karanta wannan. Sai na ce ya yafe mini.

"Nawa na yafe tun Hajara tana goyon autarku. Na Haruna ba a hannuna yake ba."

Na tambaye shi inda zan sami Haruna. Ya ce ya rasu a Damagaram shekara huɗu da suka wuce, yana dako a tasha, kuma bai san inda 'ya'yan suka watsu ba. Ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Aka kawo, na karɓa na sha. Shekara talatin na yi ina cin abinci da magana, ranar na nemi abin da zan ce na rasa.